Kafin ka ɗaura tirelar kwana a bayan motar gida, bi ta kan sikeli

A littafin motar an rubuta cewa za ta iya jan laba 3,500, wato kilo 1,588. Ƙaramar bas ce ta iyali mai injin V6, irin Siennar nan da ake lodin fasinja da ita a tashoshin Kano da Kaduna. Abin da za ta ja kuwa tirelar kwana ce, irin wadda mutanen Amurka ke fita hutu da ita: ɗaki guda a kan taya biyu, da gado da murhun gas da tankin ruwa. Takardar tallarta ta ce nauyinta kilo 1,180. Wanda ya ɗebe wannan daga wancan zai ga rarar kilo 400, ya ce magana ta ƙare. Lissafin da na fara da shi ke nan, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Lambobin biyu duk gaskiya ne, sai dai babu wadda ta yi magana a kan motar da ke ɗauke da mutum huɗu da kayansu.

Kamfanonin mota suna fitar da irin wannan lamba ne daga wani gwaji da suka amince da shi, mai suna SAE J2807. Gwajin ba na wasa ba ne. A cikinsa akwai hawan Davis Dam da ke jihar Arizona, kimanin kilomita 18, wanda mota za ta hau da tirela a zafin digiri 38, na'urar sanyaya ciki a ƙure, ba tare da inji ya yi zafi ba. Amma mutum biyu kawai ake lissafawa a cikin motar, kowanne kilo 68. Ba yara, ba kula cike da ƙanƙara, ba jakunkuna. Nauyin da ke takardar talla shi ma na tirela ne fanko, yadda ta fito daga masana'anta, sau da yawa ba batir ba gas. Da na tara abin da ya hau kanta bayan nan, ga yadda ya kasance: batir kilo 22, tukunyar gas cike kilo 17, ruwa lita 76 wanda shi ne kilo 76, rumfar gefe da ƙananan abubuwan da dillali ya ƙara kilo 35, sai abinci da tukwane da barguna da akwatin sifana kilo 120. Tirelar kilo 1,180 ta koma 1,450 tun ba ta bar ƙofar gida ba.

Daga nan na buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin akwai takardu biyu a manne, kuma su ne ainihin alƙalan wannan aiki. Ta farko, wadda ke nuna iskar taya, tana faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Tawa ta ce kilo 567. Wannan lamba ta motarka ce ita kaɗai, mota biyu iri ɗaya shekara ɗaya suna iya bambanta, don haka kada ka nemo ta a intanet. Ta biyu tana da GVWR, iyakar nauyin motar gaba ɗaya, kilo 2,715 a tawa, da GAWR, iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka, kowannensu daban. Na baya kilo 1,405 ne. Riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tirela ba ja kawai ake yi ba, ɗaukarta ma ake yi. Wuyanta yana zaune a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, kuma nauyin wuyan nan daga cikin kilo 567 ɗin yake fita, tamkar ka zaunar da ƙatti biyu a kan bamba. Ƙa'idar da aka sani ita ce wuya ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela. Idan ya gaza haka tirela za ta riƙa lilo a hanya, idan ya wuce kuma bayan mota ya durƙusa. Ƙarfen mahaɗin da aka ɗaura a ƙarƙashin motata yana da tasa takardar, wadda ta ce wuya kada ya wuce kilo 159. Ka ga filin da ya rage mini ƙarami ne ƙwarai: tirela mai kilo 1,450 tana neman aƙalla 145 a wuya, mahaɗi kuma ya tsaya a 159.

Ana iya auna wuya a gida da sikelin da mutum ke auna kansa. Na samu katako mai kauri, na ajiye bulo a gefe ɗaya, sikeli a ɗaya gefen, na gitta guntun bututun ƙarfe a kan kowannensu, na ɗora katakon a kai. Jak ɗin wuyan tirela na sauke shi a kan katakon, santimita 30 daga bututun bulo, santimita 60 daga bututun sikeli. A haka sikeli yana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku ne, sai ka ninka abin da ya nuna sau uku. Tirelar ta kasance a miƙe daidai, tayoyinta da weji gaba da baya, don idan wuya ya yi sama ko ƙasa lambar za ta yi ƙarya. Awon farko ya nuna 62, wato kilo 186. Ya wuce iyakar mahaɗi da kusan kilo 27.

Dalilin bai ɓuya ba. Tankin ruwan yana gaban taya, akwatin sifana da jarkoki suna cikin ma'ajiyar gaba, batir da gas kuma a kan wuyan suke zaune. Na zubar da ruwan tanki kaf, tun da yawancin wuraren da ake yada zango akwai famfo. Akwatin sifana na sauko da shi ƙasa, daidai kan tayoyi, na ɗaure. Abin da ban yi ba, kuma ina roƙon kowa kada ya yi, shi ne kai kaya masu nauyi can ƙarshen baya don wuya ya yi sauƙi. Sikeli zai nuna maka lambar da kake so, amma ka mayar da wutsiyar tirela majaujawa. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa ne, kusa da taya, ɗan gaba kaɗan. Awo na biyu ya nuna 50, kilo 150 ke nan.

Sai lissafin cikin mota. Manya biyu kilo 170, yara biyu 75, ƙarfen mahaɗi da sandunan raba nauyi (sandunan ƙarfe da ke rage wa bayan mota nauyin wuyan tirela) 52, kula da jakunkuna 70, wuyan tirela 150. Jimilla 517, saura 50 daga cikin 567. Mutum na biyar ba shi da wuri ke nan, ko da kujeru suna nan fanko. A takarda dai komai ya shiga. Amma takarda ba ta san inda kowane kilo ya zauna ba, wannan sai sikelin manyan motoci.

A Amurka gidajen man da manyan motoci ke tsayawa galibi suna da sikelin CAT Scale, mai faranti uku a jere. Na je da tanki cike da mai, kowa a kujerarsa, kaya yadda za a yi tafiya da su. Ƙafafun gaba a farantin farko, na baya a na biyu, tayoyin tirela a na uku. Maɓallin kiran mai awo an sa shi a sama ne don direban babbar mota, saboda haka ka tafi da sanda ko ka yi amfani da manhajarsu ta waya. Awo uku na yi, kuma maimaici a rana guda ya fi na farko araha. Sikelin yana tafiya ne laba ashirin-ashirin, don haka lambobin na kusa da daidai ne, na mayar da su kilo.

Mota ita kaɗai, tirela a ajiye a gefe: gaba 1,290, baya 1,225. Da aka ɗaura tirela, sandunan raba nauyi a sake: gaba 1,230, baya 1,435, tirela 1,225. Tsaya ka dubi wannan da kyau. Wuyan kilo 150 ne, amma ƙafafun baya sun ƙaru da 210, na gaba sun ragu da 60. Abin da ya jawo haka shi ne ƙwallon yana bayan tayoyin baya da fiye da mita ɗaya, don haka yana danna baya yana ɗaga gaba, kamar yadda ake ɗaga dutse da sanda. Iyakar baya 1,405 ce, ga shi an samu 1,435. Tirelar gaba ɗaya kilo 1,375 ce, ta gaza iyakar ja da fiye da kilo 200, motar ba ta kai GVWR ba, jimillar mota da tirela 3,890 alhali littafi ya yarda da ɗan sama da 4,000, amma ƙafafun baya sun riga sun wuce iyaka da kilo 30. A ƙananan motoci irin wannan, nan ne wurin da ke fara ƙurewa, kuma babu yadda za ka gane shi da ido. Kilo 60 da gaba ya rasa shi ma ba ƙaramin abu ba ne, tun da tayoyin gaba ne ke juya mota, su ne ke yawancin aikin birki, a wannan motar ma su ne ke ja.

Awo na uku, sanduna a ɗaure: gaba 1,275, baya 1,360, tirela 1,255. Jimillar ba ta canza ba, nauyin ne ya rabu. Sandunan ƙarfe ne guda biyu masu lanƙwasuwa, suna fita daga kan mahaɗi su kama wuyan tirela ta gefe biyu, idan aka ɗaure su sai su ɗage tsakiya su tura nauyi gaba da kuma kan tayoyin tirela. Saita su da tef ake yi. Na auna daga ƙasa zuwa bakin ramin tayar gaba: santimita 74 ba tirela, 76 da tirela sanduna a sake. Na riƙa ƙara ɗauri har ya dawo 74 da rabi. Ba a matsa su har gaban mota ya sauka ƙasa da yadda yake ba tirela, don a lokacin tayoyin baya ne za su rasa riƙo, musamman idan hanya ta jiƙe. Kafin ka saye su ka duba abu biyu: littafin motarka ya yarda da su, don wasu kamfanonin sun hana a ƙananan motocinsu, sannan takardar mahaɗin ta nuna an yi shi dominsu. Jakunkunan iska da ake sa wa a cikin sifirin baya kuwa, suna ɗaga mota ta yi kyan gani, amma kilo 1,435 ɗin yana nan a kan tayoyin baya bai motsa ba.

Birkin tirela shi ne abu na gaba, kuma a wannan nauyi ba zaɓi ba ne. Na lantarki ne, yana samun umarni ta soket mai baki bakwai daga wata ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa a ƙasan sitiyari. Iri biyu ake sayarwa. Akwai mai ƙidayar lokaci, wadda ke ƙara ƙarfi a hankali ko ya kake taka birki, akwai kuma mai jin yadda mota ke rage gudu ta ba tirela daidai gwargwado. Ta biyun nake ganin ta dace da motar da ba ta da rara. Saitinta a fili mai ƙwari, busasshe, ba motoci: na kai gudun kilomita 40, na cire ƙafa, na matse hannun na'urar har ƙarshe ba tare da taɓa birkin mota ba. Idan tayoyin tirela suka kulle suka yi ƙara, sai a rage lamba. Idan ba ka ji ta riƙe ka ta baya ba, sai a ƙara. Inda ake so shi ne dab da kullewa. Sabon birki ba ya kamawa sosai sai an taka shi sau ashirin zuwa talatin ya zauna, don haka saitin ranar farko sai an sake shi.

Ɗaurawa kanta ba ta da wuya, sakaci ne ke ɓata ta. Girman ƙwallo ya dace da abin da aka buga a bakin wuyan, inci 2 a tawa. Bayan an kulle, na ɗaga wuyan da jak har na ga bayan mota yana tashi tare da shi, wannan ne shaidar ya kama. Sarƙoƙi biyu a gitta su ta ƙarƙashin wuya don su tare shi idan ya fita. Siririyar wayar birkin gaggawa a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba, kuma batirin tirela ne ke ba ta wuta, idan ya mutu ita ma ta mutu. Fitilun birki da sigina, sai wani ya tsaya a baya ya gani. Tayoyin tirelar ST205/75R14 ne, kowace tana ɗaukar kilo 798, amma sai da iska PSI 50 cif, a auna da safe kafin ta yi zafi. Lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, wadda ta haura shekara biyar ni ba na fita da ita.

A kan hanya na tsaya tsakanin kilomita 90 da 95. Irin waɗannan tayoyi an saba ƙayyade su a mil 65, kimanin kilomita 105, sai in an rubuta wani abu daban a jikinsu, jihar Kalifoniya ma ba ta yarda mai jan tirela ya wuce mil 55, kimanin kilomita 89, ba. Tirelar kwana bango ce a tsaye, iska ce babbar abokiyar gabarta ba nauyi ba. Daga 90 zuwa 110 turjiyar iska tana ƙaruwa da kusan rabi. Motar da ke shan lita 10 a kilomita ɗari ta koma 18. Giya ta sama na hana ta shiga, don idan giyabos yana ta kai da kawo tsakanin giya biyu, mansa ne ke dahuwa. Na sa ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a soket ɗin OBD2, inda makanikai ke haɗa kwamfutar binciken mota, tana turo zafin man giya zuwa waya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya yana zama tsakanin digiri 85 da 95. Dokar da na sa wa kaina ita ce in ya kai 110 in rage gudu in sauko giya, in ya doshi 120 in tsaya. Idan an tsaya ba a kashe inji, a bar shi yana aiki a fakin don ruwa da mai su ci gaba da zagayawa ta lagireto.

Lilo kuwa, ko kayanka sun zauna daidai za ka ɗanɗana shi. Babbar mota ta zo wuce ka, iskar gabanta ta ture bayan tirela, sai ka ji sitiyari ya yi sauƙi kamar ana jan ka zuwa gare ta, a madubi ka ga gefen tirelar ya leƙo ya koma. Idan sau ɗaya ko biyu ta kaɗa ta nutsu, lafiya. Idan kaɗawar tana ƙaruwa, ƙafa za ta so taka birki, hannu zai so gyara sitiyari, kuma duka biyun su ne ke kifar da mota. Birkin mota yana sa tirela ta turo ta baya tana karkace, gyaran sitiyari kuma kullum a makare yake zuwa, sai ya ƙara wa lilon ƙarfi. Abin yi: sitiyari a miƙe, ƙafa ta bar totur a hankali, hannu ɗaya ya matse birkin tirela ita kaɗai. Tana riƙewa ta baya sai komai ya miƙe, kamar an ja igiya. Shi ya sa na'urar take buƙatar zama inda hannu zai same ta ba tare da ido ya bar hanya ba. Na gwada kai hannu wurin sau da yawa mota tana tsaye, har ya zama jiki.

Hawan da ya gwada komai shi ne na babbar hanya mai lamba 70, daga birnin Denver na jihar Colorado zuwa yamma, har ramin Eisenhower, inda hanya ta ratsa cikin dutse a tsayin mita 3,400. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, saboda iska ta yi ƙaranci. A can sama kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na koma layin dama tare da manyan motoci, giya ta uku, gudun 60 zuwa 65, inji yana kuka a kan juyi 4,000 a minti. Kukan ba ya cutar da shi, abin da ke cutarwa shi ne a danne totur a babbar giya. Na kashe na'urar sanyi, man giya ya tsaya a 106.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Bayan ramin hanyar tana sauka zuwa garin Silverthorne da gangaren da ya kai kashi 7 cikin ɗari, kilomita da dama ba hutu, kuma kusan tan huɗu ne ke bin ka. Tun kafin gangaren ya fara na sa giyar da na hau da ita, na bar inji yana riƙewa. Idan gudu ya kai 70 sai in taka birki da ƙarfi ya sauko 55, in cire ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Ɗora ƙafa a kai a hankali ba ɗagawa shi ke ƙona birki. Man birki na DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, wanda ya tsufa ya sha danshi kuma a 140, kuma da zarar ya tafasa feda za ta nutse ƙasa ba abin da zai kama. Saboda wannan gangare na canza man birki mako guda kafin tafiya.

A ƙasa na shiga gefe na zagaya da ƙafa. Na kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace tayar tirela ba tare da na taɓa ba. Duka biyun da ɗumi iri ɗaya, haka ake so. Da ɗaya ta fi zafi sosai, ko boris ya bushe da giris ko birkin gefen yana kamawa. Da ɗaya ta yi sanyi ƙalau bayan irin wannan gangare, birkinta ba ya aiki ke nan, sai a bi waya. Notocin taya na riga na sake ɗaure su a kilomita 15, da 40, da 80 na farko kamar yadda ake yi wa sabuwar taya, a nan ma na sake bi da sifana, guda biyu a tayar hagu suka ɗan ƙara juyawa. Na duba sarƙoƙi da soket, na ɗaga murfin ma'ajiya na ga akwatin sifana yana inda na ɗaure shi, sannan na rage lambar na'urar birki da rabin mataki, don birkin ya zauna yanzu har ya fara kullewa a kan tsakuwa.